Injin Maraɗi da Kamshaf Goma

A saman ƙofar garejinmu da ke unguwar Baiyun, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, akwai wata sandar ƙarfe da na rataye, tana ƙyalli kamar yau aka ƙera ta. Samarinmu masu zuwa saren takalma da wayoyi sukan biyo su sha shayi, kuma ba a rasa mai kaifin baki a cikinsu da zai ce, "Baba Habu, ai haɗa inji yanzu ba wani abu ba ne, duk yana cikin waya. Ka kalli bidiyo biyu ka gama." Ba na musu da shi. Sauko da sandar nake yi, in ɗora masa a hannu, in ce ya faɗa mini ciwonta. Ya juya, ya shafa, ya ɗaga ta sama kamar mai duban wata, ya ce lafiyarta ƙalau, sabuwa ce dal. Sabuwa ce kam, ko sau ɗaya ba ta shiga inji ba. Amma gurguwa ce tun ranar da aka yi ta, kuma 'yan uwanta tara suna ƙarƙashin benci. Sunanta kamshaf, kuma saura ƙiris ta rufe mana garejin nan.

A Kano na koyi aiki, a hannun Oga Ɗanlami, Allah ya jiƙansa da rahama. Mutum ne da ya taɓa motocin Amurka na manyan da, masu silinda takwas, waɗanda sai ka ji su a ƙirjinka kafin ka gan su. Na daɗe a wurinsa ban riƙe sifana ba, sai wankin ƙarafa da kananzir har fatar hannuna ta yi fari. In aiki ya yi sauƙi sai ya zaunar da mu a benci, mu ba titi baya, duk motar da ta wuce ya ce, "Habu, me ke damun waccan?" In ka ce lafiyarta ƙalau alhali fulogi ɗaya ya mutu, ranƙwashi. In ka ƙirƙiro ciwon da babu don ka burge, ranƙwashi biyu. Kaina ya sha wuya, amma kunnena ya buɗe, kuma da kunnen nan na ci abinci har ƙasar Sin.

'Yan sifeya na Ƙofar Ruwa ne suka fara turo ni Guangzhou, in riƙa duba musu injuna kafin a loda a kwantena, don sun gaji da buɗe akwati a Kano su tarar da gawa. A wajen wannan yawon na haɗu da Lao Liang, wanda mutanenmu suka mayar Lawal, shi ma ya amsa. Lawal gwanin yankan ƙarfe ne. Yana da injin faɗaɗa silinda, da na goge karanshaf, da wasu ma'aunai a akwatin katako da ba ya barin kowa ya taɓa, har matarsa. Shi ba ya jin ciwon inji da kunne, ni kuma ba na iya auna abin da ya fi gashi siranta. Muka ga kowa yana da abin da ɗan uwansa ya rasa, muka haɗa gareji. Harshenmu wani kwaɗo ne na Sinanci da Turanci da nuni da hannu, amma ba mu taɓa ɓata aiki saboda rashin fahimta ba.

Sai shekarun annoba suka zo, hanya ta rufe. Titin Guangyuan, wanda a da sai ka goga kafaɗa da mutanen Kano da na Yamai kafin ka wuce, ya koma kamar kasuwar ƙauye ranar da ba ta ci. Mun gyara famfon ruwa, mun gyara injin niƙan waken suya, har keken wata tsohuwa na yi wa walda. Da aka buɗe hanya ma mutane ba su dawo da sauri ba. Lawal ya gaji. Ya samu wanda zai sayi injunansa, ya ce zai koma ƙauyensu ya yi kiwon agwagi. Ni kuwa takardun zamana da garejin suke rataye. In ya rufe, sai in tattara in koma gida da furfurata, in nemi gindin bishiya in fara daga farko. A cikin wannan halin Alhaji Isuhu ya shigo.

Alhaji Isuhu mutumin Maraɗi ne, babban ɗan kasuwar tufafi. Ya daɗe yana zuwa garin nan, kuma imaninsa game da shi ɗaya ne: babu abin da ba a yi, in dai ka kawo samfur. Ka kawo riga ɗaya, a yi maka dubu irinta har da maɓalli. "Sem-sem," kamar yadda ake faɗa a shagunan. Ya zo da motar kaya, aka sauke akwatin katako, aka ɓalle shi. Da na leƙa sai da na yi kabbara. Inji ne mai silinda takwas, huɗu nan huɗu can kamar gwafa, baƙin ƙarfe zalla, irin na Oga Ɗanlami sak. Rabona da ganin irinsa tun ina saurayi.

Na motar mahaifinsa ne, in ji shi, wata baƙa mai ƙofa biyu da dogon hanci. Marigayin ya saye ta a Yamai wajen wani Ba'amurke tun kafin a haifi Alhajin. Ta daɗe tana yawo a Maraɗi, sannan ta kwanta a bayan gida shekara da shekaru. Gangar jikin ana gyara ta a can. Injin ne ya gagari kowa, shi ya sa ya sha wahalar takardu ya kawo shi nan. Mahaifiyarsa ta tsufa, idonta ya tafi, kuma ta ce tana so ta sake jin kukan motar nan a ƙofar gida.

"Abu biyu nika so, Malam Habu," ya ce. "Moter, injin ga, shi hi da ƙarhi, in na taka bisa hanyar Zinder kowa shi kauce. Amma kuka, kuka sem-sem. Awa yadda nis san shi."

Na ce, "Yaya ka san shi, Alhaji?"

Sai ga babban mutum, da babbar riga da hula, ya kumbura kumatu a tsakiyar gareji: "Budum-budum-budum, tsak! Budum-budum-budum, tsak!" Har da girgiza kafaɗa a wurin tsak ɗin. Lawal ya juya baya yana dariya. Ni ban yi dariya ba, don na ji abin da ya yi. Wannan ba kukan lafiyayyen inji ba ne. Silinda bakwai ne ke aiki, na takwas yana jan ƙafa. Na so in faɗa, sai na ce a raina bari in buɗe tukuna, kada in kori arziki da baki.

Alhaji ya ƙara da cewa yana da abokai a Yamai da Ƙwanni da Kano masu irin waɗannan tsofaffin motoci a kwance, duk sun zuba ido. In wannan ya yi, za su biyo baya. Na fassara wa Lawal. Ya daɗe yana kallon injin, ya kewaye shi, ya ƙwanƙwasa shi da 'yar guduma yana lumshe ido, sannan ya kira mai sayen injunan ya ce ya dakata. In aikin ya karɓu, mu ci gaba. In bai karɓu ba, agwagi.

Ranar da muka warware shi, abin da ya fito daga ciki ya isa a buɗe kasuwa. Yashin Maraɗi, ɓawon gyaɗa, sheƙar ɓera, da wata ƙusa da wani bakanike ya lanƙwasa ya soka a inda ba wurinta ba. Baƙin mai ya daskare kamar kwalta. Amma bulok ɗin, wato gangar jikin injin, wayyo bulok! Mutanen da ba su yi rowar ƙarfe ba. Kafin mu taɓa komai sai da muka nemi tsaga, don in bulok ya tsage duk abin da ka ɗora a kansa asara ne. Lawal ya yi nasa binciken da maganaɗisu da garin ƙarfe. Ni na yi irin ta Oga: a jiƙa da kananzir, a goge, a shafa alli, in akwai tsaga kananzir zai fito ya zana ta a kan allin. Muka gama, muka dubi juna, kowa ya ɗaga babban yatsa. Babu ko ɗaya.

To ku masu bidiyo, ku buɗe kunne. Inji numfashi yake yi, kuma ƙarfinsa duk yana kan yawan iskar da zai shaƙa da saurin da zai fitar da ita. Lawal ya faɗaɗa silindojin kaɗan, ya share tabon shekaru, muka sa sababbin fistin daidai da sabon faɗin. Ni na zauna da kan injin ina goge hanyoyin iska da ɗan dutse mai juyawa, in goge in sa yatsa in ji, har duk wani ƙulli ya tafi. Muka sa bawul masu faɗi. Kafireto mai baki biyu muka sauke, muka ɗora mai baki huɗu. Biyu na tafiyar yau da kullum ne, biyun kuwa ba sa buɗewa sai ka taka totur har ƙasa, su ne na hanyar Zinder. Fistin takwas da sandunansu sai da muka auna nauyinsu ɗaya bayan ɗaya a sikelin maƙwabcinmu mai sayar da ganyen shayi, wanda ya fi nauyi a rage masa, har suka zo ɗaya. In ba a yi haka ba, da gudu ya yi gudu injin zai riƙa jijjiga har ya ci kansa. Mai shayin ya yi ta mita wai sikelinsa zai yi warin mai, amma kullum shi ne farkon leƙowa ya ga inda aka kwana.

Duk wannan a lokacin da bango ke gumi muka yi shi. Akwai wasu makonni a garin nan, bayan sanyi, da iska ke jiƙewa har ruwa ya riƙa tsattsafowa daga bango da daɓe. A Kano ka wanke ƙarfe ka shanya a rana ka tafi salla. A nan ka wanke silinda, ka juya baya ka amsa waya, ka dawo ka tarar ya yi ja da tsatsa. Dole ɗaya na wankewa ɗaya na tsaye da tsumma da mai, kamar masu karɓar haihuwa.

Faɗanmu na farko da Lawal a kan matsi ne. Yana so ya aske kan injin sosai don fistin ya matse mai da iska da ƙarfi. Gaskiyarsa, ƙarfi zai ƙaru. Na ce, "Lawal, ka taɓa ganin fetur a kwalba?" Na nuna masa hoto a waya: tebur a bakin titi, kwalabe a jere, rana tana dukansu. Na ce wannan shi injin zai sha, a garin da zafinsa ke narka kwalta. In matsi ya yi yawa da irin wannan mai, fistin zai riƙa ƙwanƙwasawa har ya huje. Ya ƙura wa hoton ido ya ce, "Wannan mutum ke sha?" Na ce mota ke sha. Ya rage askin, ni kuma na yarda aka sa babban lagireton da yake so, aka tashi kowa ya ci rabi.

Saura kamshaf. Ita ce sandar da ke buɗe bawul da rufe su. Tana da tozo goma sha shida a jikinta, kowane tozo da bawul ɗinsa, in ta juya tozon ya tura, bawul ya buɗe. Ita ke ba inji numfashi, ita kuma ke ba shi murya. Tun ranar warwarewa idona ya ga abin da kunnena ya ji a bakin Alhaji: tozo ɗaya ya cinye har ya kusa zama sumul, sauran ma duk sun zaizaye. Na ajiye ta a gefe na ce sai mun yi tunani, domin sabuwa irinta, duk inda muka tambaya amsa ɗaya ce: meiyo, wato babu.

Wata safiya na neme ta na rasa. Matar Lawal ta ce Alhaji ya biyo jiya ba ma nan, ya naɗe ta a buhu ya tafi. Na kira shi, ya ce in kwantar da hankalina, shi ma ya san gari. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi a tasi, fuska fal murna, ana sauke kwali mai nauyi. Ashe wata masana'anta ya kai ta a Huadu, ya ce musu sem-sem. Su kuma ba sa kunna inji don abu ɗaya, mafi ƙaranci goma. Ya ce a yi goman, ai abokai za su buƙata.

Wallahi aikin ya yi kyau! Ban taɓa ganin kwafi mai tsabta irinsa ba. Sun ɗauki siffar tsohuwar da na'ura, sun bi ta sau da ƙafa. Tozon da ya cinye, sun yi shi a cinye. Waɗanda suka zaizaye, kowanne da daidai zaizayarsa. Har wani ɗan gurbi da tsatsa ta ci yana nan a kan duka goman, yana ƙyalli. Lawal ya ɗora ma'auni a kan ɗaya, ya duba, ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki. Ba laifinsu ba ne, abin da aka ce su yi suka yi. Ba na ma ganin wautar Alhaji. A sana'arsa samfur sabo ake kawowa, mafi kyau a shago. A tamu sana'ar kuwa, abin da ya iso hannunka ya riga ya lalace, shi ya sa ya iso.

Na ce, "Alhaji, ba zan sa wannan ba."

"Don mi? Sabuwa ta hul!"

"Gurguwa ce, ranka ya daɗe. Kukan da ka yi mana rannan, tsak ɗin nan, ciwo ne. Silinda ɗaya ba ya numfashi. In na sa wannan, duk wahalar da muka sha ta tashi a banza. Mun ɗinka wa gurgu sabon wando ke nan mun ce ya shiga tsere."

Fuskarsa ta canza. "Malam Habu, cikin motar ga anka goye ni. Da wanga kuka nit tashi. In Baba ya taho, tun daga kwanar masallaci mu kan ji tsak, tsak, mu ruga mu tarbe shi. Kai za ka hwaɗa mini kukan motar ubana ciwo na?"

Na ji nauyin maganar, amma ni ma raina ya ɓaci, don ba a koya mini in haɗa ciwo da hannuna ba. Na ce shi ya san motar, ni na san injin, kuma in dai daga garejin nan zai fita, da takwas zai fita ba da bakwai ba. Ya ce to, dakor, ya ji, in yi yadda na ga dama. Amma in ya zo ya ji ba kukan ba ne, zai kwashe kayansa ya kai inda za a sa masa tasa, kuma duk wanda ya tambaye shi daga Yamai har Kano zai faɗi abin da ya gani. Ya buga ƙofar tasi ya tafi. Lawal ba ya jin Hausa, amma ya ji ƙofa. Ya dube ni ya ce, "Kwak, kwak."

Taurin kai dai ba ya ƙera kamshaf. Na ƙi ta Alhaji, amma ba ni da wata, kuma babu wanda ya san yadda tozon nan yake ranar da ya fito daga Amurka. Kwana da kwanaki tsohuwar na kan benci muna zagaya ta kamar masu jinya. Rannan da hantsi rana ta shigo ta taga ta faɗa kanta. Lawal na shan shayi, sai ya dire kofi ya ɗauko gilashinsa mai ƙara girman abu. "Habu shifu, zo!" Shifu shi ne gwani a bakinsu, kuma ba ya kirana haka sai abu ya yi daɗi. A gefen kowane tozo akwai wani siririn layi kamar zare, launinsa daban. Ƙarfen da ke hawa tozon bai kai shi faɗi ba, saboda haka shekara da shekaru yana cin tsakiya, bai taɓa taɓa bakin ba. Na sa farce na ji tudun. Ainihin samfurin yana nan a jikin tsohuwar, masana'anta ta kwafe shi tare da zaizayar ba ta san wanne ne na gaskiya ba. Ihun da na yi sai da mai shayi ya rugo.

Lawal ya bi layin nan da allurar ma'auninsa, yana juya sandar kaɗan-kaɗan, ni ina haska masa. Daga nan ya fitar da siffar tozon shaƙa da ta tozon fitarwa. Ya ƙara musu ɗan tsayi saboda sababbin bawul, amma bai taɓa lokacin buɗewa da rufewa ba, don na ce masa a nan muryar take. Sannan ya tafi masana'antar da kansa ya tsaya a kansu har aka yanka guda ɗaya, aka gasa ta ta yi tauri. Yadda ya shawo kansu suka yi ɗaya tak, ya ce in tambayi kwalin sigarinsa.

Ranar tayarwa na kira Alhaji, ya zo bayan la'asar ba fara'a. Mun ɗaure injin a kan karagar ƙarfe a bakin ƙofa, ga lagireto, ga batir, ga galan ɗin fetur, ga salansa irin ta ainihi. Ga kuma abin da bidiyo ba ya faɗa muku. Sabuwar kamshaf irin ta da, tashin farko shi ne rayuwarta. Dole injin ya kama nan take, kuma ba a barin sa a sulo. Riƙe shi ake yi da ƙarfi kamar tsawon dafuwar shinkafa, don mai ya fantsama ya jiƙa tozon har su saba da abin da ke hawansu. In ya yi ta gurnani bai kama ba, ko ya mutu a tsakiya, tozon na iya cinyewa a ranar, ka koma gidan jiya. Na shafe kowane tozo da mai mai kauri, na cika kafireto, na duba wuta na sake dubawa. Na yi bisimilla, na ce wa Lawal ya murɗa.

Ko juyi uku bai yi ba ya kama. Jama'a! Ƙasa ta amsa. Rufin kwano ya ɗauki rawa, sifanoni suka fara tafiya da kansu a kan benci, ƙararrawar motocin da ke layin duk ta tashi. Ku tuna garin nan yanzu motoci da babura na lantarki ne suka cika shi, sai su wuce ka kamar aljanu ba ka ji ba. Da yawa a layin nan ba su taɓa jin irin wannan ƙugi ba. Mai taliya ta fito da ludayi a hannu, masu kai saƙo suka tsayar da babura suka ɗaga wayoyi, wani tsoho ya toshe kunne ɗaya yana dariya da bakin da babu haƙori. Ni kuwa hannu ɗaya a totur, ido a agogon mai da na zafi, na kafa dogon sukundireba a jikin injin na ɗora kunne a kan mariƙin, irin ta Oga. Takwas! Duka takwas ɗin suna magana, babu mai jan ƙafa. Na ji daɗin da rabona da shi tun kafin annoba, ina ta ihu ban san ina yi ba.

Da lokaci ya cika na saki totur a hankali, injin ya sauko sulo. Budum-budum-budum-budum, mai kauri, a jere, kamar luguden gwanaye. Jama'a suka ɗauki tafi. Na juya wajen Alhaji ina washe baki.

Ya sunkuyar da kai yana saurare. Ya jira tsak, tsak bai zo ba. Ya ɗago, idonsa ya yi ja. "Aiki ya yi kyau, Malam Habu. Amma ba ita ba ta. Wagga motar wani ta."

Lawal ya dubi fuskata, ya dubi ta Alhaji, ya fara goge hannu da tsumma a hankali yana kallon injunansa ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Alhaji, don wa aka yi aikin nan? Don ni, ko don kai?" Ya ce don Inna. Na ce, "To a kira Inna. In ta ce ba ita ba ce, da hannuna zan sa maka taka, sannan mu rufe garejin." Wallahi ban san abin da zan ji ba.

A Maraɗi lokacin hantsi ne. Alhaji ya kira, wata jikar Inna ta ɗauka, ta kai mata wayar. Alhaji ya buɗe murya don mu ji, ya gaishe ta, ya ce, "Inna, saurara ki jiya," ya miƙa wayar kusa da salansa.

Har na ɗauka layin ya yanke. Sai muka ji muryarta, siririya.

"Isuhu. Ina kas samo ta?"

"Inna, moter ɗin Baba na. Amma sun sake mai kuka, babu tsak ɗin nan."

"Yi mini shiru. Kai mi kas sani? Kai da ciwonta kas san ta. Sa'ad da ta hwara wanga tsak kana cikina, ubanka ya yi ta yawon garaj har ya gaji ya bari. Wanga shi na kukanta. Da shi anka kawo ni gidan ga. Ina ɗaki nika jin shi tun daga kwanar masallaci, in tashi in ɗora ma ubanka ruwa."

Alhaji ya zauna a kan kwalin kamshaf ɗinsa, bakin babbar riga a cikin baƙin mai, bai ma lura ba. Ya rufe fuska da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da wayar. Fetur ya kusa ƙarewa a galan, injin ya fara sauya murya, na kai hannu zan kashe.

"Kada ku kashe," in ji Inna. "Ku bar shi shi ƙaraso."

Lawal bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya dubi Alhaji, ya ɗauko jarka ya ƙara fetur. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, mai sayen injuna ne. Ya toshe kunne ɗaya ya daka masa tsawa a cikin ƙugin: "Meiyo! Meiyo!" Ni kuma na kama totur na ɗan ja, kamar mota ta shawo kwana. Na riƙe kaɗan, na sassauta, sannan na bar injin yana bugawa a hankali kamar an tsaya a ƙofar gida. Mutanen layin duk suka zuba ido, ba wanda ya san abin da ake jira.

Can sai Inna ta ce, "To, ya iso. Ku kashe."